Jaririn mage da ya rasa uwa: a fara da ɗumi kafin madara

Sanyi da gaggawar mai ceto sukan riga yunwa kashe jariran magen da ake tsinta a unguwannin Kaduna. Yaro zai shigo gida da ɗan abu a tafin hannu, ido a rufe, yana siririn kuka, ya ce, "Umma, a kangon bayan layi na gan shi, uwarsa ba ta nan." Tausayi ya kama Umma, ta fasa gwangwanin madara, ta ɗauko cokalin shayi, ta kwantar da shi rigingine ta ɗura masa. Kafin asuba ya mutu, sai a ce kwanansa ne ya ƙare. Rai da ajali na Allah ne, babu ja. Amma a cikin wannan ɗan taimakon an ciyar da shi jikinsa a sanyaye, an ba shi madarar da hanjinsa ba zai iya sarrafawa ba, an kuma riƙe shi yadda madarar za ta zarce huhu. Kowanne daga cikinsu ya isa ya kashe shi.

Kafin komai, sai an tabbatar maraya ne. Mage takan bar 'ya'yanta ta tafi neman abinci har na tsawon awanni. Takan kuma yi ƙaura da su, ta ɗauke su a baki ɗaya bayan ɗaya, saboda haka wanda aka gani shi kaɗai a lungu wataƙila jiran dawowarta yake. Idan jikinsu da ɗumi, fes babu datti, ciki a cike, suna barci a cure wuri guda, to uwa tana kusa. A yayyafa toka ko gari a zagayen wurin, a kore yara, a ja da baya awa uku zuwa huɗu. In ta dawo sawunta zai nuna. Muddin mutane na tsaye a kai ba za ta matso ba, sai ta laɓe a kan katanga tana kallo. Inda ba a jira shi ne in an same su a jiƙe, ko cinnaka sun fara hawansu, ko suna cikin kwata ga hadari ya haɗo, ko an ga gawar uwar a bakin titi, ko kuma wani ne ya zuba su a kwali ya kai bola. Maganar da ake yi cewa in mutum ya taɓa ɗan mage uwar za ta ƙi shi saboda warin hannu ba ta da tushe mai ƙarfi. Abin da takan yi dai shi ne ta canza musu wuri.

Dalilin wannan haƙuri shi ne babu abin da ke hannun ɗan Adam da ya kai nonon uwarsa. Dakashin da take fara fitarwa shi ke ɗauke da garkuwar jiki, kuma hanjin jaririn a cikin yinin farko kawai yake iya tsotse wannan garkuwa, daga nan ƙofar ta rufe. In uwa ta mutu, abin da ya fi kusa da ita shi ne wata magen mai shayarwa. A tambayi maƙwabta, a tambayi masu shagon hatsi da masu sito, waɗanda ke ajiye mage saboda ɓera. Mage ba ta cika ƙin ɗan wata ba idan girmansa ya zo kusa da na 'ya'yanta. A goge shi da tsumman da suke kwana a kai, a saka shi a tsakiyarsu, a zauna a sa ido. In ta fara lasarsa, an gama. In ta yi masa gurnani ko ta kai cizo, a ɗauke shi.

Idan ba a samu ba, wanda ya ɗauka ya zama uwa, kuma aikinta uku ne: jikinta ke ɗumama su, nononta ke ciyar da su, harshenta ke sa su fitsari da kashi. Sanin kwanakinsa zai taimaka wajen tsara aikin. Ana haihuwar ɗan mage da nauyin giram 100 ko kusa da haka. Cibiya takan faɗi wajen kwana na 3. Ido yakan fara buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, wani ya kai 14. Kunnuwa a naɗe suke da farko, sai su riƙa miƙewa a mako na biyu zuwa na uku, lokacin da ƙananan haƙoran gaba ke fitowa kuma yake fara tafiya yana tangaɗi.

Ɗumi shi ne na farko, kuma a nan aka fi yin asara. Zafin jikin babbar mage yana tsakanin digiri 38 da 39 a ma'aunin Salshiyos. Na jaririn da bai cika mako ba 35 zuwa 37 ne, shi ma aro ne daga jikin uwa da na 'yan uwansa. Ba shi da kitsen kirki, a kwanakin farko ko rawar ɗari bai iya ba, kuma sai ya kusa mako huɗu kafin jikinsa ya iya riƙe zafinsa da kansa. Da zarar ya sauka ƙasa da digiri 34, hanji yakan tsaya, bugun zuciya ya ragu, ƙarfin tsotso da na haɗiya su tafi. Madarar da aka ɗura a wannan hali sai ta zauna a ciki ta yi tsami, ciki ya kumbura, ko ta dawo ta bi hanyar numfashi. Shi ya sa likitocin dabbobi ke nanata cewa ba a ciyar da jariri mai sanyi, komai kukansa.

Gane sanyin ba wuya. A taɓa tafin ƙafarsa da kunnensa, a sa kan yatsa a cikin bakinsa. In bakin ya yi sanyi, a ajiye zancen madara. A tsane shi da busasshen tsumma in a jiƙe yake, a saka shi cikin riga ya manne da fata, a bar ɗumin ya ratsa shi a hankali, awa ɗaya ko fiye. Kar a tsoma shi a ruwan zafi, kar a kanga shi a kurfoti. Ɗumamawar gaggawa takan janye jini daga ciki zuwa fata, ta ƙarasa wanda dama ya galabaita. In ya yi laushi ba ya motsi, a narka sukari ko gulukos a ruwan ɗumi a shafa masa ɗigo ɗaya a dasashi da yatsa, shafawa kawai, ban da ɗura.

Makwancinsa kwalin taliya ma ya isa. A shimfiɗa tsohon zani ko tawul, a cika gorar roba da ruwan ɗumi, a naɗe ta da tsumma ko a zura ta cikin safa, a ajiye a gefe ɗaya na kwalin. A gefe ɗaya, domin in zafi ya yi masa yawa ya samu inda zai ja jiki. Cikin kwalin ana so ya kai digiri 30 zuwa 32 a makon farko, a riƙa ragewa har ya dawo wajen 24 a mako na huɗu. Siminti da tayil suna zuƙe ɗumi, saboda haka a ɗora kwalin a kan katako ko bargo.

Mu a Kaduna, wannan magana tana canzawa da lokaci. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauka wajen digiri 15, ga iska tana shigowa ta ƙasan ƙofa, kuma wutar lantarki ba abin jingina rai ba ce a irin wannan dare. Abin da ke fid da mutum shi ne flas. A tafasa ruwa da daddare a cika shi, duk lokacin da aka tashi shayarwa a sirka a canza ruwan gorar. Gorar da ta huce ba ta tsaya ga rashin amfani ba, ita ce ma za ta riƙa janye ɗumin jikinsa. Kuma kar a shigar da garwashi ɗaki a kulle ƙofa da taga saboda shi, domin iskar gawayi a rufaffen ɗaki tana kashe mutanen da ke barci, balle abu mai giram 100. Bushewar hunturu ma tana ƙafar da ruwan jikinsa, sai a rataya ɗan tawul mai laima a gefen kwalin, a kuma lulluɓe rabin samansa saboda ƙura. A Maris da Afrilu lamarin juyewa yake. Ɗakin kwano da rana yakan wuce abin da yake buƙata. In aka ga 'yan uwa sun warwatsu kowa ya kama kusurwa, baki a buɗe, suna kuka, a cire gorar, a mai da ita in dare ya yi nisa.

Sai jiki ya yi ɗumi, ya fara juya kai yana neman abin tsotso, sannan a zo kan madara. Furotin ɗin madarar shanu bai wuce kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ba, na nonon mage ya ninka wannan har da ƙari, kuma ya fi maiƙo. Dabbar da ke ninka nauyinta cikin kwana bakwai zuwa goma ba za ta ginu da madarar shanu ba, ga shi sukarin cikinta yakan sa zawo, zawo kuwa a jiki irin wannan cikin yini ɗaya yake kai shi ƙasa. Madarar jariran mutane ta fi ta shanu ma ƙarancin furotin. Koko, kunu, shayi da nonon fura duk ba abincinsa ba ne. Akwai madarar gari da aka haɗa musamman don jariran mage, irin su KMR da Royal Canin Babycat Milk da Lactol. A tambaya a shagunan maganin dabbobi da asibitocinsu, in ba a samu a gari ba a yi odarta daga Abuja ko Legas. Tana da tsada, amma buƙatarta ta 'yan makonni ce.

Kafin ta iso akwai haɗin wucin gadi: mililita 30 na madarar gwangwani ta ruwa marar sukari, mililita 30 na tafasasshen ruwa da ya huce, mililita 40 na yogot marar zaƙi, da gwaiduwar ƙwai ɗaya, ban da farin. A kaɗa sosai a tace. Wannan na kwana ɗaya ne ko biyu, don kar yunwa ta kashe shi, ba abin da za a raine shi da shi ba ne. Kowace iri ce, abin da aka dama ba ya wuce awa 24 ko a firji, inda kuwa firjin ba shi da tabbas gara a riƙa dama na sha ɗaya. A ɗiga a bayan hannu kafin a ba shi, a ji ɗuminta daidai jiki.

Sirinji mai cin mililita 1 ko 2, wanda aka cire wa allura, ya fi cokali nesa ba kusa ba, kuma kowane kemis akwai shi. A shimfiɗa tawul a cinya, a kwantar da shi rub da ciki, ƙafafu huɗu a ƙasa, yadda zai kwanta a jikin uwarsa. A tallafe kan da yatsa biyu ba tare da an ɗaga shi sama ba. A sa bakin sirinjin a kan harshe, a saki ɗigo ɗaya, a jira ya haɗiye. Da farko zai yi ta kau da kai yana ture hannu da 'yan faratansa. In ya kama, za a ga harshen ya naɗe bakin sirinjin, kunnuwan suna motsi tare da kowace haɗiya, ƙafafun gaba suna tattaka tawul ɗin. Daga nan shi ke jan ragamar, hannu bin sa kawai yake. In madara ta ɓullo ta hanci, ya ƙware ke nan: a dakata, a sunkuyar da kansa ƙasa kaɗan, a goge hancin. Madarar da ta shiga huhu ita ke zama ciwon huhu bayan kwana ɗaya ko biyu, kuma da wuya jariri ya tsallake shi. Wanda ya samu ƙaramar fida, wato kwalbar shayarwa ta dabbobi, hudar bakinta ta zama in an kifa ta madara na ɗiga ɗaya-ɗaya, kuma ba a matsa ta. In ya gama a ɗan shafa bayansa ya yi gyatsa.

Cikinsa ba ya ɗaukar fiye da mililita 4 a kan kowane giram 100 na nauyinsa a sha ɗaya, wato ƙasa da cokalin shayi ga sabon haihuwa. Mai tausayi yakan so ya ƙara, amma garin neman ƙiba ake samo rama, don cika ciki shi ma zawo yake kawowa. Kaɗan-kaɗan ne, a kai a kai: kowace awa biyu zuwa uku a makon farko, dare da rana, sai a buɗa tazarar zuwa awa uku ko huɗu a mako na biyu da na uku. Ba zan ɓoye ba, wannan shi ne mafi nauyin aikin. Tashi ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu na dare ga mai fita aiki ko makaranta da safe ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin ya fi kyau tun ranar farko a raba: wani ya ɗauki dare, wani rana, yara manya su riƙe canza ruwan gora. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa akwai lada a taimakon duk wani abu mai rai, kuma kowa ya san labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta tsare ba ci ba sha. Wanda ya san ba zai iya ba, ya nemi wanda zai iya tun jaririn yana da ƙarfi.

Aiki na uku shi ne wanda mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Ɗan mage ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai ya kai mako uku zuwa huɗu. Uwar ce ke lasar ƙasan wutsiyarsa har ya saki. Saboda haka a kowace shayarwa a jiƙa auduga ko tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, a riƙe shi a kan wani tsumman, a riƙa shafa wurin a hankali. Ba a jimawa fitsari zai fara ɗiga, a ci gaba har ya tsaya. Launin da ya bari a audugar labari ne: in fari-fari ne mai ɗan rawaya, ruwan jikinsa lafiya, in ya yi rawaya sosai ruwa ya yi ƙaranci. Kashi yakan zo sau ɗaya ko biyu a yini, mai laushi, rawaya zuwa ruwan ƙasa. In ya kwana biyu bai yi ba, ko ciki ya yi tauri, na likita ne, ban da tura masa sabulu ko mai. A tsane shi sosai bayan an gama, don jiƙaƙƙen gashi sanyi yake jawowa.

Ido ba ya gane ramar abu ƙarami haka, sikeli ne ke ganewa. Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, irin na masu yin kek, ya wadatar. A auna shi kullum a lokaci guda a rubuta. Lafiyayye yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, ya kai wajen 400 zuwa 450 a mako huɗu. Ranar da lambar ta tsaya a ƙara sa ido, ranar da ta ja baya a nemi likita, ko da yana shan madararsa.

Akwai abubuwan gida da muke ɗauka magani ne alhali guba ne ga mage. Farasitamol na kan gaba: hantar mage ba ta iya sarrafa shi, ɗan gutsure yana lalata mata jini. Dettol da Izal da danginsu ba a wanke ta ko makwancinta da su. Fiya-fiya, maganin feshin sauro, da maganin kaskar karnuka mai sinadarin fametirin duk suna sa mage farfaɗiya har ta mutu. Ƙuma kuwa dole a cire ta, domin tana iya shanye jinin jariri har dasashinsa ya yi fari, amma da mataji mai ƙananan haƙora ake yi, ana tsoma abin da aka tsefo a ruwan sabulu, ana canza shimfiɗa kullum. Idon da bai buɗe ba ba a ɓare shi da ƙarfi. In ya kumbura ko mugunya na tsattsafowa, a ɗora auduga mai ɗumi a kai shi asibiti, ban da kwalli, ban da ragowar maganin idon wani.

Sauran alamun da ba a kwana da su a gida su ne ƙin tsotso sau biyu a jere, kukan da ba ya tsayawa, ko shirun da ya yi yawa, numfashi da baki a buɗe, zawo kamar ruwa, da cibiya mai ja ko wari. Da yawa a cikinmu sun ɗauka asibitin dabbobi na shanu ne da kaji da ragon layya, har mutum ya ji kunyar shiga da ɗan mage a kwali. Babu abin kunya, aikinsu ne. A cikin garin Kaduna akwai likitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, ga kuma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, tafiyar wajen kilomita 80. A tafi da gorar ruwan ɗumin da takardar da ake rubuta nauyi. Duk da haka, wani za a yi masa komai daidai kuma ya tafi, musamman wanda bai samu dakashi ba. Wannan ba ya nufin mai rainon ya yi sakaci.

Masu rainon ma su kula da kansu. A wanke hannu da sabulu kafin da bayan taɓa shi. Mai juna biyu ta bar wa wani aikin kwashe kashi, saboda ƙwayar cutar tokzoplazma da ke iya shafar ɗan tayi. In uwar ko wata magen titi ta ciji mutum ko ta yakushe shi wajen ɗaukar 'ya'yan, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti, domin ciwon haukan kare yana kama mage, kuma har yanzu yana nan a Najeriya.

Daga mako na huɗu aiki ya yi sauƙi. A dama madarar da abincin gwangwani na 'yan mage, ko dafaffen kifi ko kaza da aka cire wa ƙashi aka murtsuke, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa, don su ma suna lalata jinin mage. A zuba a faranti marar zurfi. Zai taka ciki ya ɓata fuska kafin ya gane lasa, a goge shi a ci gaba da ba shi sirinji har ya saba. Tuwo da miya ba za su riƙe shi ba, mage maciyiya nama ce, akwai wani sinadari mai suna taurine da jikinta ke buƙata wanda sai a nama da kifi ake samu. A ajiye masa ruwan sha da tire na yashi, zai gane amfaninsa da kansa. Tsakanin mako 2 da 7 ne yake sabawa da mutane, saboda haka a bar yara su riƙa ɗaukarsa a hankali, amma wasa a yi da igiya ko ƙwallon tsumma, don wanda ya tashi ba 'yan uwa in aka saba masa da yatsa yakan girma da cizo. Zuwa mako 6 ko 8 an yaye shi.

Maganin tsutsar ciki ana fara shi tun mako biyu zuwa uku, likita ne zai auna daidai nauyinsa. Allurar rigakafin farko tsakanin mako 6 da 8 ake yi, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, ta haukan kare kuma daga mako 12. A wannan zuwan a tambayi likita batun aikin hana haihuwa, musamman in mace ce, domin mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida, kuma cikin nata kwana 63 zuwa 65 ne kawai.